Daga amalanke zuwa caji ofis: yadda kalmar "charge" ta tara ma'anoni

Bahaushen da ya ce wayarsa ba caji, da wanda aka kai ɗansa caji ofis, da mai mitar cajin da ɗan POS ya cire masa, da matar da ta je asibitin ƙauye aka ce mata incaji bai zo ba, duk kalmar Ingilishi ɗaya suke juyawa a baki, wato "charge". Wuta, 'yan sanda, kuɗi, shugabanci, a ido babu abin da ya haɗa su. Shi ya sa ɗalibi idan ya buɗe ƙamus ya tarar da ma'anoninta a jere reras sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya ɗauka sai dai a haddace su ɗaya bayan ɗaya. A ganina ba hadda ake bukata ba. Ma'anonin nan 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma mai jin Hausa ya fi mutane da yawa saurin gane zumuncin da ke tsakaninsu.

Asalin kalmar amalanke ne. Mutanen Gaul, waɗanda suka zauna a ƙasar da ake kira Faransa yanzu tun kafin Rumawa su ci su da yaƙi, suna da keken ɗaukar kaya da dabbobi ke ja. Rumawa suka ari sunansa zuwa Latin a matsayin "carrus", daga baya aka ƙero aikatau daga gare shi, "carricare", wato yi wa amalanke lodi. Wannan aikatau ne ya zama "chargier" a tsohon Faransanci. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ƙetara teku sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnuka, dubban kalmominsa suka kwarara cikin Ingilishi. Zuwa ƙarni na 13 "charge" ta zauna daram, kuma ma'anarta a lokacin ba ta wuce kaya ko nauyi ba, da kuma ɗora su a kan wani abu. Daga wannan amalanken dai Ingilishi ya samo "car" da "carry", ya samo "cargo" ta hanyar Sifaniyanci, har da "caricature" ta hanyar Italiyanci, wato zanen da aka yi wa lodin kamanni fiye da kima don a ba da dariya.

Akwai wani abin sha'awa a furucin. A lokacin da Ingilishi ya ari kalmar, Faransawa suna furta farkonta da sautin da muke rubutawa da harafin c. Daga baya bakinsu ya sauya zuwa sh, Ingilishi kuwa ya riƙe tsohon. Saboda haka ɗan Kano mai cewa caji furucin Faransawan shekara 800 da suka wuce yake maimaitawa, ɗan'uwansa na Maraɗi ko Damagaram da ya yi lakwal kuma da sh ya san ta, irin ta Faris ta yau. Kalma ɗaya, iyaka ta raba mata baki biyu.

To, yaya aka yi lodi ya zama duk waɗancan abubuwan? Mu ma haka muke yi da "ɗora". Ana ɗora wa jaki kaya, ana ɗora wa mutum nauyin marayu, ana ɗora wa talakawa haraji, ana ɗora wa bawan Allah laifin da bai ji ba bai gani ba. Babu Bahaushen da ke jin waɗannan a matsayin kalmomi huɗu. Abin da Ingilishi ya ƙara shi ne ya haɗa aikin "ɗora" da na "ɗura" a kalma guda: ɗora kaya a kan abu, da ɗura abu a cikin wani. Idan mutum ya riƙe wannan, tambayar da ta rage masa a kowace jimla ita ce, me aka ɗora, kuma a kan wa.

Mafi kusa da asali shi ne nauyin amana. Tun wajajen 1300 ana amfani da kalmar wajen damƙa wa mutum aiki ko ba shi umarni mai ƙarfi. Daga nan aka sami "in charge", wanda muka mayar incaji, mutumin da aka ɗora wa kula da wuri. A nan akwai wani ɗan tarko da yake kama har masu digiri. Idan aka ce "the nurse is in charge of the children", nas ce ke kula da yaran. Idan aka ce "the children are in the charge of the nurse", maganar ɗaya ce, sai dai yanzu waɗanda ake kula da su ne a gaba. Ƙaramar kalmar nan "the" ita kaɗai ke bambanta mai riƙo da wanda ake riƙo, kuma wanda ya jefa ta inda bai dace ba zai iya cewa yara ne ke riƙon malaminsu. Yaran da kansu ana iya kiransu "her charges", wato nauyin da ke kanta. Shi kuwa muƙaddashin jakada, "chargé d'affaires", daga baya aka aro sunansa kai tsaye daga Faransanci, shi ya sa ko Turawan Ingila da sh suke furta shi. Yarjejeniyar Vienna ta 1961 kan hulɗar jakadanci ta sa shi a mataki na uku cikin shugabannin ofisoshin jakadanci, kuma ga ministan harkokin waje ake tura shi, ba ga shugaban ƙasa ba.

Nauyin kuɗi shi ne reshe na biyu, kuma a nan ne kalmar ta fi shiga siyasa. A zahiri ma'anar mai sauƙi ce: abin da aka ce ka biya saboda wani aiki da aka yi maka. Tela yana yi, likita yana yi, banki yana yi, "free of charge" kuma kyauta ke nan. A Amurka idan mai saye ya ce "charge it" yana nufin a rubuta a katinsa ya biya daga baya, al'adar da ta bazu bayan fitowar katin Diners Club a birnin New York a 1950. Amma saboda kalmar tana ɗauke da ƙamshin "an yi maka aiki ne ka biya", gwamnatoci suna sonta fiye da "tax", wadda ba ta da wata fassara sai haraji.

Gwamnatin Margaret Thatcher, firaministar Birtaniya a lokacin, ta gwada wannan dabara. A 1989 a Scotland, sannan a 1990 a Ingila da Wales, ta kawo wani kuɗi da kowane baligi zai biya wa ƙaramar hukumarsa, mai kuɗi da talaka daidai wa daida, ta raɗa masa suna "Community Charge". Hujjarta ita ce kowa yana amfana da ayyukan hukuma, don haka kowa ya biya. Jama'a suka ƙi karɓar sunan, suka kira shi "poll tax", harajin kai, irin wanda gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke a Kano da Kaduna a 1979. Ranar 31 ga Maris 1990 zanga-zanga ta rikiɗe ta zama tarzoma a tsakiyar Landan, miliyoyin mutane suka ƙi biya, kafin ƙarshen shekarar Thatcher ta sauka daga mulki. Ba wannan kaɗai ya kayar da ita ba, amma yana cikin manyan dalilai, kuma a 1993 aka maye gurbinsa da wani tsarin.

Rigima ta biyu har yanzu ba ta mutu ba. A Fabrairun 2003 magajin garin Landan, Ken Livingstone, ya sa kuɗin shiga tsakiyar birni da mota don rage cunkoso, fam 5 a rana a lokacin, da sunan "congestion charge". Ofishin jakadancin Amurka ya ce wannan haraji ne aka sauya wa riga, kuma yarjejeniyar Vienna ta ɗauke wa jami'an jakadanci biyan haraji, saboda haka ba zai biya ba. Hukumar sufurin Landan ta ce a'a, ladan aiki ne, kamar kuɗin ajiye mota. Alƙaluman da hukumar ta fitar a 2024 sun nuna tana bin Amurka fiye da fam miliyan 14, ofishin Najeriya ma yana cikin na gaba-gaba da fiye da miliyan 8. Duk wannan dukiya tana rataye ne a kan tambaya ɗaya: shin "charge" da "tax" abu ɗaya ne? Ni dai ina ganin Amurkawan suna da abin faɗa. Kuɗin da hukuma ta tilasta maka biya don ka bi titin da kake bi jiya kyauta, ko da wane suna aka kira shi, ɗan'uwan haraji ne na jini.

Inda kuskure ya fi tsada shi ne kotu. Ba mamaki kalmar ta yi ƙarfi a can, domin harshen shari'ar Ingila cike yake da Faransanci. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Ingilishi, kuma duk da haka lauyoyi sun ci gaba da rubutu da gurɓataccen Faransancinsu har ƙarni na 17. Joji, kotu, beli, fursuna, dukkansu ta wannan hanya suka biyo kafin su iso bakinmu. A nan abin da ake ɗorawa laifi ne, kuma fassarar "charge" ita ce tuhuma. Tuhuma kawai. Idan jarida ta rubuta "he was charged with theft", an tuhume shi da sata ne, ba a same shi da laifi ba, ba a yanke masa hukunci ba. Samun mutum da laifi "convicted" ne, yanke hukunci "sentenced". Sashe na 36 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar. Amma sau nawa mai fassara labari a rediyo ko a Facebook yake haɗiye wannan bambanci, ya ce an kama wane da laifin kaza, alhali takardar da ke gabansa tuhuma kawai ta ce? Mutuncin mutum yana iya zubewa a tsakanin waɗannan kalmomi biyu, kuma ba a cika kwashe shi ba ko da kotu ta wanke shi daga baya.

Caji ofis shi ne ɗakin da ake rubuta tuhuma a ofishin 'yan sanda, mu kuma muka faɗaɗa sunan ya rufe ginin gaba ɗaya. Ingilishin Najeriya ma ya yi nasa ƙirƙire-ƙirƙiren. "Charged to court" maganarmu ce, Baturen Ingila ba haka yake cewa ba, kodayake zai gane. Haka "charge and bail", laƙabin raini da ake yi wa lauyan da ke zaman jiran tsammani a harabar kotun majistare, ko Allah zai kawo wanda ke neman beli.

Sai kuma "holding charge", wadda sunanta ba ya nuna irin ɓarnar da take yi. Manyan laifuka irin su kisan kai da fashi da makami babbar kotu ce kaɗai ke da hurumin sauraronsu. Shi kuma tsarin mulki, a sashe na 35, ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Sai 'yan sanda su kai mutum gaban majistaren da ba shi da ikon yi masa shari'a, a karanta wata tuhuma ta riƙon ƙwarya, majistare ya tura shi gidan yari a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Fayil ya kwanta, mutum ya kwanta tare da shi, wani lokaci shekaru. Wannan yana cikin dalilan da suka sa kusan biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin Najeriya masu jiran shari'a ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta yi ƙoƙarin ɗaure abin, ta ce umarnin tsarewa kada ya wuce kwana 14 a karon farko kuma ba a sabunta shi sai da dalili, jihohi da dama suka yi tasu irinta. A takarda an gyara. Wanda ke da ɗan'uwa a ciki shi zai faɗi ko an gyara a ƙasa.

Kishiyar kalmar ma tana bukatar kulawa. "Discharge" sauke lodi ne: jirgin ruwa yana yi a tashar Apapa, asibiti yana yi wa majinyaci idan ya sallame shi, soja yana samu idan ya bar aiki. A kotu kuwa "discharged" kaɗai sallama ce, sau da yawa saboda masu ƙara ba su shirya ba ko an shigar da ƙarar ba daidai ba, kuma ana iya sake kama mutum gobe a kan maganar. "Discharged and acquitted" ita ce sallama tare da wankewa, wadda bayanta tsarin mulki ya hana a sake gurfanar da shi kan laifin. 'Yan'uwa sukan fita daga kotu suna guɗa a kan ta farkon, ba su san maganar ba ta mutu ba.

Reshen yaƙi ya biyo ta wajen ɗura. A ƙarni na 16, da bindiga ta yawaita a Turai, ɗura mata albarushi shi ma "charge" ne, albarushin da aka ɗura ma haka ake kiransa. A cikin ƙarnin kuma kalmar ta ɗauki ma'anar afka wa abokan gaba a guje, kuma masana asalin kalmomi suna danganta wannan da shirya makami a nufi maƙiyi da shi. Mafi shahara a tarihin Ingila ita ce ta Balaclava, ranar 25 ga Oktoba 1854 a yaƙin Crimea, inda saboda umarnin da aka fahimta a karkace mahaya fiye da 600 ƙarƙashin Lord Cardigan suka yi sukuwa kai tsaye cikin bakin igwogin Rasha, fiye da 100 suka mutu. Da wannan ma'anar ake cewa bijimi ko giwa ta "charge", da ita ake busa wa ɗan ƙwallon kwando laifi idan ya banke wanda ke tsaye, da ita kuma Turawa 'yan kallo suke kwatanta jafin mahaya a gaban sarki ranar hawan sallah.

Cajin waya, wanda ya fi kowanne yawa a bakinmu yau, shi ne ƙaramin ƙane a gidan. A 1745 da 1746 wasu masu bincike biyu, Ewald von Kleist a Jamus da Pieter van Musschenbroek a jami'ar Leiden ta Holan, kowanne da kansa, suka gano cewa ana iya tara lantarki a cikin kwalbar gilashi, wanda ya taɓa ta kuma ya sha girgiza. Benjamin Franklin, mai sana'ar ɗab'i a Philadelphia, ya duƙufa kan gwaji da irin wannan kwalba, yana aika wa abokinsa Peter Collinson sakamakon a Landan tun daga 1747. Babu kalmomin da za a bayyana sabon abin da su, sai aka ara daga wajen masu bindiga: ana "charge" ɗin kwalba, tana "discharge" da tartsatsi da ƙara. Da Franklin ya jera da yawa ya haɗa su wuri ɗaya sai ya kira su "battery", sunan jerin igwogi a fagen fama. Batirin da ke aljihun kowa sunan soja gare shi.

Abin dariyar shi ne Franklin da kansa ya lura sunan bai dace sosai ba, domin ya gano cewa yawan lantarkin da ke kwalbar bayan an yi mata caji daidai yake da na kafin a yi. Abin da ya sauya shi ne rabonsa: gefe ɗaya ya samu ƙari, ɗayan ya samu ragi, kuma shi ne ya kawo alamomin tarawa da ɗebewa da muke gani a kan kowane batir. Haka abin yake a batirin lithium, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, kuma masu ƙirƙirarsa uku, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, suka sami kyautar Nobel a 2019. Caja ba ta zuba wa waya wani abu daga waje da zai cika ta. Tura ƙwayoyin lithium take yi daga wannan gefen batir zuwa wancan, kamar mai jan ruwa daga tankin ƙasa zuwa na sama a gida ɗaya: ruwan bai ƙaru ba, an dai ɗaga shi inda zai iya gangarowa ya yi aiki. Idan ana amfani da wayar sai su gangaro. Duk da haka kowa, har injiniyoyi, cewa yake batir ya cika, kuma babu wanda zai sauya wannan. A kimiyyar fiziks kuma kalmar ta ƙara wata ma'ana, ta zama sunan ita kanta sifar lantarkin da ƙwayar zarra ke ɗauke da ita, wadda ake aunawa da ma'aunin da aka sa wa sunan Bafaranshe Charles-Augustin de Coulomb. Lambar nan 5000 mAh da ake rubutawa a kwalin waya wannan adadin take faɗa da wani ma'auni.

Daga batir sai katin waya. Da MTN da Econet suka fara aiki a Najeriya a 2001, "recharge card" ta shiga bakin kowa, kuma a nan rassa biyu suka haɗu, na kuɗi da na ɗura: kana sake cika asusun da kamfani zai riƙa cirewa.

Ga mai koyo, mabuɗin yana wajen ƙananan kalmomin da ke bin ta. "Charge for" kuɗi ne, abin da ake biya dominsa. "Charge to" ma kuɗi ne, asusun da za a ɗora wa. "Charge at" hari ne. "In charge of" riƙo ne. Mai wuyar ita ce "charged with", domin tana aiki biyu: idan laifi ya biyo baya tuhuma ce, idan aiki ya biyo baya amana ce. Kwamitin da aka ce "charged with investigating fraud" an ɗora masa binciken zamba ne, wanda aka ce "charged with fraud" kuwa shi ake tuhuma da ita. Kalma ɗaya a tsakiya ta raba mai bincike da wanda ake bincika.

Mu ma da ta zo hannunmu ba mu bar ta yadda take ba. Mun ba ta gira irin ta aikatau na Hausa: a caza waya, an caje ta, ta yi caji, ga caja, ga mai caji a bakin kasuwa da janaretansa da jerin soket. Mun ce lissafi ya caza mini kai, maganar da Bature ba zai gane ba idan aka mayar masa da ita kalma da kalma. Sannan muna cewa 'yan sanda sun caje mota a shingen hanya, ko an caje ɗalibai a ƙofar ɗakin jarrabawa, muna nufin an lalube su. Wannan ma'anar babu ita a "charge" ko kaɗan. Ingilishi "search" yake cewa, kuma kunne yana iya jin kusancin da ke tsakanin sautin kalmomin biyu. Matsalar tana fitowa ne idan aka juya maganar zuwa Ingilishi. Matafiyin da aka lalube jakarsa a filin jirgi, ya zo yana ba da labari ya ce "the police charged me", ya gaya wa mai sauraronsa ne cewa an tuhume shi da laifi. Takardun neman biza na ƙasashe da yawa kuwa suna da tambayar ko an taɓa "charge" ɗin mai nema, kuma wanda ya amsa da e saboda an taɓa caje masa aljihu a hanyar Kaduna ya rubuta wa kansa tarihin da ba shi da shi.